Daga Yin Fim, Wata Tsohuwa Ta Kira Ni Da Sunan Da Ba A Faɗa A Gidanmu

Saƙo ne daga wata 'yar uwa, ta roƙi a sakaya sunanta. Ga shi yadda ta turo.

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan guruf. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan, ko kwamen ban taɓa yi ba, yau ga shi abin ya zo kaina. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, in ban ɗauko daga farko ba ba za ku gane inda na tsaya ba. Duk sunayen da zan kira na canza su.

Ni budurwa ce, shekarata goma sha tara, a Gumel na tashi. Ni ce babba a gidanmu, ƙannena huɗu. Abbanmu malamin firamare ne, Umma kuma ɗinki take yi a gida. Bara na gama sakandare, ina zaune ina jiran admishan. Akwai wanda muke soyayya da shi kusan shekara ɗaya, bari in kira shi Nura, ya girme ni da shekara uku, yana gyaran waya kuma yana ɗaukar bidiyon biki. A hannun kawunsa ya tashi a nan Gumel, saboda iyayensa sun rabu tun yana goye, babansa yana Maigatari yana dillancin shanu, sai jefi-jefi yake zuwa gaishe shi. Ranar da Nura ya fara zuwa zance gidanmu Abba ya tambaye shi ɗan gidan wa ne, ya ce gidan Malam Sabo mai katako, wato kawun nasa, Abba ya ce ai ya san shi mutumin kirki ne. Maganar ta tsaya a nan, ba wanda ya tambayi sunan uban.

Ni da Nura abin da ya fara haɗa mu son fim ne, musamman irin na waje da ake fassarawa, na matasa, waɗanda za ka ga mutum ya koma zamanin da ya wuce. Wata rana na ce masa me zai hana mu yi namu da Hausa, ko na minti talatin ne. Ni na rubuta labarin. Wata yarinya ce ta samu tsohuwar rediyo a ɗakin kakarta, in ta murɗa ta sai ta tsinci kanta shekara ashirin da wani abu baya, ta haɗu da mahaifiyarta tana budurwa, ta gano abin da aka ɓoye mata, kuma ta kamu da son wani saurayi na wancan lokacin wanda ba yadda za a yi ta aure shi. Wallahi daga kaina na ƙirƙiro, ban san komai ba a lokacin. Mu biyar ne, da ƙawayena biyu da abokinsa ɗaya. Ni ce yarinyar, ni ce kuma uwar lokacin tana budurwa, Nura shi ne direkta shi ne saurayin. Umma ta yarda da sharaɗin da rana za mu riƙa yi, kuma kada in ajiye mayafi.

Da muka zo sin ɗin zamanin da, wato ɓangaren fim ɗin da yarinyar ta koma baya, sai muka rasa abu biyu, kayan sawa irin na da, da tsohon gida. Kayan na same su a ƙasan akwatin Umma, ran nan ta tafi barka na buɗe ina dubawa, can ƙarƙashin zannuwan gado na ga wata leda an ɗaure ta tam. Riga da zani ne na koriyar atamfa, ɗinkin da mai ɗagaggiyar kafaɗa, da ɗankwalinsu. Da na gwada suka zauna mini kamar an auna ni aka ɗinka. Na ɗan yi mamaki, don Umma gajera ce, ko a hotunanta na budurci gajera ce, ni kuwa duk gidan na fi kowa tsawo har Abba. Amma ban kawo komai a raina ba, murna kawai na yi.

Gidan kuma ni na kawo shawarar mu je garin su Umma, wani ƙauye ne gaba kaɗan da Gagarawa Tasha. Tunda na yi wayo ba a taɓa kai mu can ba, in na tambaya sai Umma ta ce iyayenta sun rasu, babu kowa, me za a je a yi. Sunan garin ma a bakin yayarta da ke aure a Sule Tankarkar na taɓa ji. Na san in na faɗa ba za ta bar ni ba, sai na ce mata ƙauyen su ƙawata za mu je. Wannan ƙaryar ita ce laifina na farko, na yarda.

Da hantsi muka isa, muka tambayi gidan kakana marigayi Malam Audu aka nuna mana, amma mutumin da ya nuna mana bai raka mu ba, daga nesa ya miƙa hannu ya koma. Gidan duk ya zube, sai zaure da ɗaki ɗaya mai kwaɗo da ya yi tsatsa. Nura ya ji daɗi sosai, ya ce lokeshin ɗin da muke nema ke nan. Na shiga lungu na saka kayan, ƙawata ta zizara mini kwalli ta ɗaura mini ɗankwalin irin ɗaurin da. Sin ɗin shi ne in fito daga zaure da ƙwarya a hannu in tsaya ina kallon hanya. Nura ya ce akshan, na fito. Daidai lokacin wata tsohuwa ta ɓullo ta gefen katanga da damin harawa a ka. Tana ganina ta saki damin, ta ja da baya har ta zauna daɓas a ƙasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hadiza! Hadiza, ke ce? Ashe kina raye?"

Su Nura suka fara dariya, sun ɗauka shigar ce ta ruɗe ta. Ni kam ban yi dariya ba, don na ga matar da gaske take. Na durƙusa na ce Iya ba Hadiza ba ce, ni 'yar Binta ce, jikar mai gidan nan.

"'Yar Binta," ta ce. Ta daɗe tana kallon fuskata. "Shekararki nawa?"

Na ce goma sha tara. Na ga tana lanƙwasa yatsu tana motsa baki. Sai ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Cire kayan nan ki mayar inda kika ɗauko su. In kina son magana ki dawo ke kaɗai, ban da wancan abin," ta nuna kamara. "Ki ce a kai ki gidan Kande."

Haka muka ƙarasa ɗaukar ina ta kuskure, muka dawo kafin la'asar, na lallaɓa na mayar da kayan. Kwana biyu ina juya abin, a na uku Umma tana kan keken ɗinki na ce mata, kamar da wasa, Umma wai wace ce Hadiza a danginku. Keken ya tsaya. Ba ta juyo ba ta tambaye ni a ina na ji sunan. Na fara kame-kame, ta tashi ta nufi akwatin ta ciro ledar, ta shinshina kayan ta ji turarena. A rayuwata Umma ba ta taɓa marina ba sai ranar. Ta yi ta faɗa tana kuka, wai na zama maƙaryaciya mai binciken kayan mutane, wai wa ya aike ni wancan gida, ni ma na ɗaga murya na ce ai tambaya kawai na yi, in ba wani abu me ya sa ake ɓoyewa. Ƙarshe ta ce in na sake kiran sunan nan a gidan nan ba ta yafe mini ba duniya da lahira. Washegari da safe ta kai kayan bayan gida ta zuba kananzir ta ƙone su, ta tsaya a wurin har suka zama toka. Abba da ya ji ya ce fim ya ƙare, kada ya sake jin zancensa. Na kira yayar Umma ta Sule Tankarkar a ɓoye, ina faɗin sunan ta ce wa ya gaya miki, kafin in amsa ta kashe wayar, har yau ba ta ɗaga kirana.

Shi Nura bai san duk wannan ba, ya riga ya yanki ɗan guntun bidiyon, daidai inda nake fitowa daga zaure, ya sa masa kiɗa ya ɗora a sitatus ɗinsa wai talla. Babansa ya gani. Nura ya ba ni labari cewa baban ya kira shi, abin da ba ya yi sai da dalili, ya tambaye shi wace yarinya ce wannan kuma ina ne gidan. Shi kuma da murnarsa ya ce ai ita ce wadda nake gaya maka ina so in aura, ya faɗi sunan Abba da na garin da muka yi ɗaukar. Ya ce nan take baban ya ce masa ya goge bidiyon yanzu-yanzu, ya goge duk abin da aka ɗauka a wancan gida.

Bayan kwana biyu, da la'asar, aka yi sallama da Abba. Na leƙa ta jikin ƙyaure na ga wani dogon mutum da babbar riga, Abba yana fitowa ya gan shi ya tsaya cak. Mutumin ya miƙa hannu, Abba bai karɓa ba. Abba da ko yaro ƙarami ya miƙo masa hannu sai ya gaisa da shi. Mutumin ya yi wani murmushi, na ga yana da wushirya, irin tawa, wadda ba mai ita a gidanmu. Suka shiga zaure suka zauna har aka kusa kiran magariba. Umma tana jin muryarsa ta shige ɗaki ta turo ƙofa, da na bi ta na same ta zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Ban ji abin da suka tattauna ba, sau ɗaya kawai muryar Abba ta ɗaga, na ji ya ce alkawari muka yi da kai a gaban mutane. Da baƙon ya tafi Abba ya kira ni, ya ce wannan mahaifin Nura ne, kuma daga yau kada Nura ya sake taka ƙofar gidansa, maganar aure tsakaninmu babu ita har abada. Na ce Abba me ya yi, ya ce yaron bai yi komai ba, kuma kada in tambaye shi dalili. Idonsa ya yi ja, bai iya kallona ba.

Sati guda na yi ina zaune a gidan kamar gidan makoki, kowa na kauce wa kowa. Ranar Asabar da ta wuce na ce zan je a duba mini admishan a kafen intanet, na hau motar Gagarawa, daga Tasha na hau babur na ce a kai ni gidan Kande. Na same ta tana tsince wake. Ba ta yi mamaki ba, ta shimfiɗa mini tabarma a ɗaki ta saki labule.

Ta ce Hadiza ƙanwar Umma ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce auta. Wani direban babbar mota mai ɗaukar shanu daga Maigatari ya gan ta a Tasha ya ce yana so, ita ma ta mutu a kansa. Kakana ya ƙi, saboda an gaya masa matar mutumin ta farko duka ne ya kore ta, da jariri a bayanta. Hadiza ta daina cin abinci, ta ce shi ko ba kowa, har uban ya gaji ya ɗaura auren ba da son ransa ba. Mijin ya tsallaka da ita iyaka, can wajen Damagaram inda yake harkokinsa. Sau ɗaya ta zo gida, da tsohon ciki, gefen fuskarta a kumbure, sanye da wannan koriyar atamfar. Ya biyo ta ya ba da haƙuri aka mayar masa da ita. Da za ta tafi ta bar ƙunshin kayanta a hannun Umma, ta ce ki ajiye mini ba zan daɗe ba zan dawo. Bayan wata uku mijin ya zo shi kaɗai da sassafe, da jaririya a naɗe cikin tawul, ya ce zazzaɓi ya kama Hadiza bayan haihuwa ta rasu, an rufe ta a can. Kakana ya tura mutum biyu su je su gani. Maƙwabtan can suka ce su ba su ga jana'iza ba, daina ganinta kawai suka yi. Shi kuma ya kai su maƙabarta ya nuna musu wani kabari, ba wanda ya iya cewa nata ne ko ba nata ba. Aka zauna gaban manya, aka rufe maganar a kan ya bar yarinyar har abada kada ya taɓa cewa tasa ce, su kuma ba za su kai ƙara ba. Umma lokacin amarya ce ba ta haihu ba, ita ta goya jaririyar ta tafi da ita Gumel. Kakana ya sa wa ɗakin Hadiza kwaɗo, bai shekara biyu ba ya rasu, kakata ta bi shi.

"Jaririyar nan ke ce," in ji Iya Kande. "Ni na karɓe ki daga hannunsa, ko cibiyarki ba ta gama warkewa ba."

Na ce Iya kashe ta ya yi?

"Ban ce ba, ban gani ba, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Amma ni ke wankan gawar mata a garin nan tun kafin a haifi uwarki. Ban wanke Hadiza ba, kuma har yau ban ga wadda ta ce ita ta wanke ta ba."

Na tambaye ta sunan direban, ko da yake na riga na sani. Ta faɗa. Shi ne sunan da Nura yake rubutawa a bayan nasa. Da zan fito ta riƙe bakin hijabina ta ce in yana raye kuma ya gane ni, kada in yarda in keɓe da shi ko da rana tsaka.

Ban san yadda na dawo gida ba. Ban gaya wa kowa na je ba, ina kallon Umma tana ɗinki ina ta son in rungume ta, ina kuma jin haushinta, matar nan ba ta taɓa bambanta ni da ƙannena ba ko a rabon nama. Ga Nura yana ta turo saƙo, shi a zatonsa saboda fim ne aka hana shi, ko don ba shi da aikin gwamnati, ya ce shi ma babansa ya ƙi gaya masa komai, ya ce ranar Juma'a kawunsa zai zo da dattawa biyu su ba Abba haƙuri. Alhamdulillah ba mu taɓa aikata abin da Allah ya hana ba, ko hannuna bai taɓa riƙewa ba sai a sin ɗaya, shi ma ta saman mayafi. Amma abin da ya fi ba ni kunya, kuma a nan kaɗai zan iya faɗa, shi ne har yanzu in sunansa ya fito a wayata zuciyata bugawa take irin yadda take yi da, ta ƙi jin cewa yayana ne. Sai in yi ta istigfari. Bidiyon kuma ya goge kamar yadda aka umarce shi, sai kwafi ɗaya da ya taɓa turo mini, wanda ba a yanka ba, har da ihun Iya Kande a ciki.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto shi ne abin da ya faru jiya Litinin. Da azahar ina shanya wata baƙuwar lamba ta kira ni, na ɗaga.

"Kin san mai magana?"

Na gane muryar, ta baban Nura ce, amma na ce a'a.

"Kin sani. Na kuma san kin je wurin Kande ranar Asabar."

Ban gaya wa kowa ba fa, ko ƙawata.

"Abin da ta gaya miki rabi ne, ita ma rabin ta sani. Ranar Alhamis ki zo Maigatari, ki tsaya a bakin kara, kasuwar dabbobi, wajen masu lodin shanu, zan gan ki. Zan kai ki inda uwarki take. Kada ki gaya wa Binta, kada ki gaya wa mijinta, kada ki gaya wa Nura. In na ga kin zo da wani, shi ke nan, ba za ki sake ji daga bakina ba."

Na ce kabarinta za ka nuna mini?

"Cewa na yi inda take."

Ya kashe. Na sake kira sau huɗu lambar a rufe.

Yau Talata, saura kwana biyu. Tun jiya kalmar nan take yawo a kaina. In tana raye fa, a wani gari a tsallaken iyaka, ko ba ta da lafiya, ko an gaya mata 'yarta ta mutu? In na ƙi zuwa kuma ya rufe bakinsa, shi kaɗai ne a duniya ya san gaskiya. In kuma abin da mutanen garin suke zargi ne ya faru, to mutumin da ya yi wa matarsa haka yake kirana in same shi ni kaɗai a ranar kasuwa, inda mota ke tsallaka iyaka ba mai tambayar wa ke ciki. In na gaya wa Abba na san kulle ni zai yi, maganar ta sake mutuwa wata shekara goma sha tara. In na gaya wa Umma, ga hawan jininta, ga furucin da ta yi a kaina, ina tsoron bakinta fiye da yadda nake tsoron mutumin.

Don Allah iyaye mata da ke cikin guruf ɗin nan, in ku ne Umma, za ku fi so in zo in durƙusa in ce na san komai, ko in ci gaba da nuna ban sani ba? Malamai, furucin da ta yi zai kama ni in na nemi sanin inda wadda ta haife ni take? Nura kuma in gaya masa kafin Juma'a, ko in bari dattawa su zo a wulaƙanta su a zaure bai san dalili ba, kuma da wane baki zan ce masa ni ƙanwarsa ce, ga kuma abin da ake zargin ubanmu da shi? Sannan babbar tambayar, wadda nake roƙon ku amsa mini yau ko gobe don jibi ba ta da amfani: ranar Alhamis in je, ko kada in je?